Fim ɗin barkwancin siyasa a Kaduna: wa ya kamata a yi wa dariya?

Wanda zai shirya fim ɗin barkwanci kan rikicin shugabancin jam'iyya a Kaduna yana da kayan aiki a ƙofar gida. Ƙananan hukumomi 23, mazaɓu 255, kowace da shugaban jam'iyyarta, ga lissafin karɓa-karɓa tsakanin shiyyar Zariya, ta tsakiya da Kudancin Kaduna. Tarihi ma ya bar darasi: jam'iyyar PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, kuma a 1981 majalisar jihar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen wanda za a ɗora wa dariyar. Marubuci ya ɗauko Bagwari ko mutumin Zangon Kataf, ya karya masa Hausa, ya ɗauka ya yi barkwanci. A garin Kaduna da rikicin shari'a na shekarar 2000 ya raba mazauna gida biyu, wasu hayin kogi wasu nan, wannan ganganci ne, kuma rabin masu kallo ya kora. A ɗora dariyar kan shugaban jam'iyya mai sauya asali gwargwadon taro: da safe a Tudun Wada babbar riga da carbi, da yamma a Sabon Tasha ya tuna kakarsa 'yar Kagoro ce. Ranar zaɓen fid da gwani sai takardun shaidar asali biyu su faɗo daga aljihunsa gaban daliget. Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana karya harshe a wasan kwaikwayon Samanja, inda ya fito a soja, amma halin sojan aka yi wa dariya, shi ya sa har sojoji suka so shi.

Sai aikin hannu. A ƙirƙiri jam'iyya da suna da tambari da launinta. Tsintsiya da lema duk masu su na nan, kuma fim sai ya bi ta hukumar tace fina-finai. Kafin a kunna kyamara a duba bango, domin fastar ɗan takara na gaske ɗaya tak a bayan jarumi ta isa a ce kwangila aka ba ku.

Taron daliget ba ya buƙatar cika Dandalin Murtala. Mutum 30 zuwa 40 a ƙaramin zaure sun wadatar, a ɗauke su a matse, a sauya musu huluna da wurin zama tsakanin ɗauka. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, a maƙala wa masu magana makirufo a wuya, don hayaniyar 'yan jagaliya kan cinye kalmar da dariyar ke kanta. Fitowa ɗaya kada ta wuce minti uku. Wajen tacewa a bar daƙiƙa biyu a fuskar wanda aka gaya wa magana. Masu yanke wannan gurbi don cusa waƙa su ke kashe wasan.

Wanda zai fito a ɗan Bajju ko Atyap kuwa, a nemo ɗan can, a ba shi rubutun tun mako guda kafin ɗauka, ya gyara abin da mutanensa ba za su taɓa faɗa ba.