Daular da Ba Ta Ƙwace Duniyar Kowa Ba

Na shafe shekaru ina buga wasannin dabarun sararin samaniya a kwamfuta ta hanyar da kusan kowa ke fara bi, wato in tara ma'adinai, in ƙera jiragen yaƙi, in duba wanda ya fi rauni a cikin maƙwabtana, in afka masa. Abin yana da daɗi a karo na farko da na biyu, amma daga baya na lura cewa da zarar daula ta uku ta faɗo hannuna wasan ya riga ya ƙare, ko da kuwa saura shekara 200 a kalandarsa. Daga nan babu mai iya ja da ni, kuma aikin da ya rage bai wuce tura runduna daga wannan tauraro zuwa wancan ba. Wannan gajiyar ce ta sa na ƙudiri aniyar buga wasa daga farko har ƙarshe ba tare da na ƙwace duniyar kowa ba, ba don tausayi ya kama ni ba.

Sunan da ake kiran wannan rukunin wasanni da shi, 4X, ya samo asali ne a 1993, lokacin da Alan Emrich ya yi sharhi a kan wasan Master of Orion a mujallar Computer Gaming World, ya taƙaita aikin ɗan wasa a abubuwa huɗu: ya bincika, ya faɗaɗa, ya ci moriyar abin da ya samu, sannan ya kawar da abokan hamayya. Na huɗun shi ya fi zama a zukatan mutane, alhali kuwa shi kansa Master of Orion ya tanadi wata ƙofar nasara da ba ta bukatar a zubar da jini. Idan duniyoyi suka cika da mazauna, majalisar dauloli takan zauna ta zaɓi shugaba, yawan ƙuri'un kowace daula gwargwadon yawan jama'arta, kuma duk wanda ya sami kashi biyu cikin uku ya yi nasara. Wanda ya ƙi amincewa da sakamakon kuwa, sauran dauloli su haɗu su yi masa taron dangi. Akwai wani ƙaramin abu a wasan da har yanzu nake jinjina wa waɗanda suka tsara shi, shi ne cewa yarjejeniyar ciniki da asara take farawa, sai an jure shekaru ana biya kafin ta fara kawo riba, wanda ya karya ta da wuri kuma ya yi asarar duk abin da ya zuba. A wannan ƙa'ida guda an riga an gaya wa ɗan wasa cewa zaman lafiya jari ne da ake sakawa, kuma mai gaggawa ba ya cin ribarsa.

A Stellaris, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016, na yi gwajina na farko, kuma na sha kashi. Wasan yana farawa ne a shekara ta 2200, kuma yana ba mutum damar zaɓar aƙidar al'ummarsa, sai na zaɓi masu tsananin ƙin yaƙi, waɗanda dokarsu ta hana su fara kai wa kowa hari. Ma'adinan da ake haƙowa a wasan hanya biyu suke bi: ko a narka su a sami gaurayen ƙarfen da ake ƙera jirage da shi, ko a mayar da su kayan masarufin da masu bincike ke bukata. Ni kuwa na karkatar da kusan komai wajen bincike, ina ganin ai ba ni da abokin gaba. Maƙwabcina na kusa wata daula ce ta halittu masu kama da ƙadangaru, masu ɗaukaka soja. Na tura musu jakada, na aika musu da kyautar makamashi, har lambar da ke nuna ra'ayinsu a kaina ta tashi daga ja ta koma kore, na saki jiki. Abin da ban kula da shi ba shi ne wani ɗan layi a shafin diflomasiyya da ke kwatanta ƙarfin rundunoni, inda kalmar da aka rubuta a kan tawa rundunar take nufin abin tausayi. Wajen shekara ta 2245 suka shelanta yaƙi, jiragena 12 suka narke a karon farko, kuma kafin a yi sulhu sun tafi da taurari 5, ciki har da duniyar da na fi kashe wa dukiya. Tsagaita wutar shekara 10 da wasan ke tilastawa bayan yaƙi ce kawai ta hana su cinye sauran.

Na daɗe ina kallon taswirar nan kafin in gane inda na yi kuskure. Daular da kwamfuta ke juyawa ba ta san alheri ba, lissafi take yi. Idan ka ɗora alamar linzami a kan wata bukata da ka gabatar mata, za ka ga jerin dalilan karɓa da na ƙi, kowanne da adadinsa: aƙidarku ta zo ɗaya, an ƙara maka, iyakokinku suna gugar juna, an rage, akwai wanda ku duka kuke tsoro, an ƙara, an daɗe ana amana, an ƙara. Rauninka ma yana cikin lissafin, kuma a wurin maƙwabci mai son yaƙi yana iya rinjayar duk kyaututtukan da ka aika. Da farko wannan ya rage mini armashin wasan, domin na so in ji kamar da masu rai nake hulɗa, amma daga baya na ga cewa a nan dabarar take, tunda duk abin da aka rubuta da lamba ana iya neman hanyar motsa shi.

A gwaji na biyu na fara da karanta taswira kafin in karanta halin kowa. Tun daga gyaran da aka yi wa wasan a 2018, jirage suna bin tsayayyun hanyoyi ne tsakanin taurari, saboda haka kowace daula tana da mashigai ƙalilan da dole maƙiyi ya ratsa. Nawa guda biyu ne. Na yi sauri na kafa sansani a kowanne, na cika su da makaman kariya, sannan na ajiye rundunar da ba ta taɓa ƙetare iyaka ba, amma girmanta ya isa a rubuta cewa ƙarfinmu ya yi daidai da na maƙwabci. Kuɗin kula da jiragen nan yana fita kowane wata ba tare da sun harba ko harsashi ɗaya ba, kuma na riƙa jin zafinsa, sai dai shi ne ya sa yarjejeniyar rashin kai hari da aka ƙi karɓa a wasan baya ta samu shiga. Ita ma yarjejeniyar ba kyauta ba ce, domin tana cin abin da wasan ke kira tasiri, wanda da shi ne kuma ake kafa sababbin sansanoni. Ke nan duk abokin da na ƙara, na rage saurin faɗaɗa ƙasata, kuma sau da yawa sai na zauna ina auna ko amincin wata daula mai nisa ya kai darajar tauraro mai arzikin ma'adinai da ke gabana. Mai yaƙi ba ya fuskantar irin wannan zaɓin, domin abin da bai kafa da kansa ba zai ƙwace daga baya.

Ɓangaren tattalin arziki shi ne inda na fi samun abin yi. Kasuwar wasan tana cire kashi 30 cikin 100 a matsayin la'ada tun daga farko, kuma farashi yana hawa idan ka sayi kaya da yawa a lokaci guda, saboda haka wanda ya dogara da ita don cike giɓi a hankali yake tsiyacewa. Ya fi riba ka gano abin da maƙwabcinka ya rasa, ka ƙulla musaya da shi kai tsaye ta shekaru masu yawa. Ƙarin da aka fitar mai suna MegaCorp a ƙarshen 2018 ya kai abin wani mataki, domin yana ba ka damar zama daular kamfani mai buɗe rassa a duniyoyin waɗanda kuka ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da su, ta yadda bunƙasar duniyarsu ita ce ƙaruwar kuɗin shigarka, rushewarta kuma asararka. Wasu wasannin sun bi ta wata hanyar. A Endless Space 2 na 2017 akwai al'ummar Lumeris, waɗanda da kuɗi suke sayen matsuguni a sababbin duniyoyi, har su sayar wa wasu idan ciniki ya faɗa. Distant Worlds kuwa, wanda ya fara fitowa a 2010, ya raba tattalin arziki gida biyu, ya bar jiragen dakon kaya da na fatake a hannun 'yan kasuwar da ɗan wasa ba ya ba su umarni, nasa dai ya tsare musu hanya daga 'yan fashi ya karɓi haraji. Nakan tsaya kawai in kalli ƙananan jiragen nan suna kai da kawowa, kuma ban san wani wasa da ya fi shi nuna wa mutum abin da yaƙi ke katsewa ba.

Sai dai ba zan yi da'awar cewa hannuna a wanke yake ba. Ƙarin Federations da aka yi wa Stellaris a 2020 ya zo tare da majalisar dauloli, inda nauyin ƙuri'ar kowa ya dogara ga rundunarsa da arzikinsa da iliminsa da yawan jama'arsa. Akwai wani ƙuduri na bunƙasa ciniki da nake so ya wuce, wanda na san ni zai fi amfana, kuma na ga alamar zai faɗi da ɗan ƙaramin rata. Sai na bi ƙananan dauloli uku ɗaya bayan ɗaya, na ba wannan ma'adinai, na ba wancan gaurayen ƙarfe, na karɓi alkawarin alfarma a madadinsu, ranar ƙuri'a kuma na nemi a biya ni. Ƙudurin ya wuce, daular da ta fi adawa da shi ta wayi gari tana bin dokar da ba ta so, kuma ban tura mata jirgi ko ɗaya ba. A Galactic Civilizations II na 2006 abin ya fi haka fitowa fili, domin idan al'adunka suka mamaye yankin wata duniya, mazaunanta kan yi wa gwamnatinsu tawaye su dawo ƙarƙashinka da kansu. Wanda aka yi wa haka ya rasa duniyarsa kamar yadda zai rasa ta a yaƙi, bambancin kawai babu wanda zai kai ƙara.

Wannan salon yana da nasa gajiyar. Akan yi shekara 30 ta wasa babu abin da ke faruwa sai jiran bincike ya kammala, kuma abokan tarayya, wato daulolin da muka haɗu a ƙawance guda, sukan kawo shawarar yaƙin da babu ruwanka da shi, ka ƙi amincewa su ji haushi, ka amince ka karya alkawarin da ka yi wa kanka. Sau biyu ina hawa kujerar na ƙi, ina kallon haɗin kan tarayyar yana raguwa, sannan in bi kowa da jakada ina lallashi.

Amfanin duk wannan wahala ya bayyana ne bayan shekara ta 2400, lokacin da Stellaris ke sako babbar masifar ƙarshe. Wadda ta zo mini ita ce Prethoryn, wasu halittu masu yawan gaske da ke shigowa daga wajen taswira suna mamaye duk duniyar da suka tarar. A wasannina na da, inda na riga na cinye kowa, ni kaɗai nake tarar irin wannan masifa da iyakoki masu faɗin da ba sa tsaruwa. A wannan karon akwai dauloli 6 a tarayyarmu, kowace da masana'antunta a tsaye, kuma shugabancin tarayyar yana hannuna, saboda haka rundunar haɗin gwiwa ni ke juya ta. Na buɗe taskar da na yi shekara 200 ina tarawa, na riƙa tura gaurayen ƙarfe ga duk wanda ke bakin daga. Waɗanda suka tsare mashigin arewa har taimako ya iso wata daula ce ta masu ɗaukaka soja, irin waɗanda suka yi mini kaca-kaca a wasan farko, kuma sai da na yi shekara 60 ina zawarcinsu kafin su yarda su shigo tarayyar. Sun rasa duniyoyi biyu da fiye da rabin jiragensu a wurin.

Bayan an gama da Prethoryn majalisa ta koma zama, na sake gabatar da wani ƙudurin ciniki, sai ga sunan mutanen nan a sahun farko na masu adawa, da duk nauyin ƙuri'ar da ya rage musu. Na buɗe shafin ra'ayinsu na ga dalilin: sansanin da na kafa kusa da iyakarsu a lokacin yaƙi, don in riƙa gyara musu jirage, shi ne yanzu ake lissafa mini a matsayin gugar iyaka. Na rushe shi, na ɗauko jakadan da ke zaune a majalisa na mayar da shi babban birninsu, na bar ƙudurin ya faɗi a wannan zaman.