Kwana Bakwai a Sukutra, Tsibirin Bishiyar Jini

Gaskiya Hadibo, babban garin tsibirin, bai burge ni ba. Ƙura, ledoji, awaki suna cin kwali a bakin shaguna, ga fararen ungulaye masu rawayar fuska suna takawa tsakanin mutane kamar kajin gida. Na ce a raina, wannan ne na kashe wa kuɗin jirgi?

Sukutra ƙarƙashin Yaman take, amma ta fi kusa da Somaliya: kusan kilomita 240 daga kusurwar Afirka, 380 daga gaɓar Larabawa. Daga Yuni zuwa Satumba iska kan rufe teku, ko masunta ba sa nisa. Kafin a buɗe filin jirgi a 1999, idan lokacin ya kama ka a can, sai ka nemi tabarma. Wannan kaɗaicin ne ya sa fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsirranta babu su a ko'ina a duniya, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Washegari muka hau tudun Diksam, a nan bakina ya mutu. Bishiyoyin jini ne tsaye kamar an buɗe laimomi an kafa a kan dutse, rassan a cunkushe ta ƙasa, saman a daidaice kamar wanzami ya bi. Da kakata ce ta kawo su cikin tatsuniya, da mun ce ta ƙara gishiri. Direbana ya nuna min inda aka taɓa yankar ɓawon wata, ƙaro ja wur ya daskare a wurin. Larabawa na kiransa dammul akhawaini, jinin 'yan'uwa biyu, wasu ma suna danganta sunan da Habila da Kabila. Da shi ake tsayar da jinin rauni, mata kuma suna zana tukwane.

Can a gangare sai na haɗu da 'yar gida: kariya. Ita ce dai da furenta mai ruwan hoda, sai dai ta nan ta yi tumbi kamar randa.

Da yamma wani makiyayi ya sauke mu. Suka gaisa da direba hanci da hanci, ni kuwa na miƙa hannu, yara suka kwashe da dariya. Larabcin islamiyyata bai yi min rana a hirar ba, don a tsakaninsu Sukutranci suke yi, tsohon harshen da ya rayu ƙarnuka a baka da cikin waƙa. Aka kawo shinkafa da naman akuya, shayi ya biyo baya.

Na tambayi dattijon, direba yana fassara: "Baba, na ga iyaye birjik, ina 'ya'yan bishiyar jinin?" Ya yi shiru, sannan ya nuna garkensa da haɓa. Awaki ne ke cinye tsiron tun yana ƙarami, guguwar 2015 kuma ta tumɓuke manya da yawa. Da safe ya kai ni wani ɗan shinge na duwatsu, ciki akwai tsiro kamar kan abarba, bai kai gwiwata ba. Ya ce ya girmi jikansa da ke zuwa makaranta. Muna tsaye wata akuya ta ɗora ƙafafunta a kan shingen tana leƙe, ya tsinci tsakuwa ya jefe ta.