Mako na shida da 'yar na'urar saurare: neman zangon motocin asibiti

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Yau mako shida ke nan da na sayi RTL-SDR, 'yar na'urar nan da girmanta bai wuce filashi ba. Asalinta ta kallon talabijin ce a kwamfuta, sai a 2012 masu ƙwaƙƙwafi suka gano ana iya mayar da ita rediyo. Irin tawa tana kamo zango daga kusan 24 MHz har sama da 1,700. Ji kawai take yi, ba ta aika magana, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali tun farko.

Makon farko a tashar hasashen yanayi ta nan Amurka ya ƙare, 162.550, don ba ta yin shiru dare da rana, da ita na daidaita manhajar SDR#. Eriyar da ta zo a kwali ba ta tsinana komai ba, sai na yanki wayar tagulla da kaina. Lissafin ba wuya: ka raba 300 da zangon da kake nema, ni 155 MHz, ka samu kusan mita 1.93, kwatansa santimita 48, ka rage kaɗan ya koma 46, tsawon wayar ke nan. Na kafa ta a tsakiyar murfin tukunya na ƙarfe, na ɗora a bakin taga. Nan take shuuu ɗin ya ragu, muryoyi suka fito tas.

Abin da na fi so in ji shi ne yadda motocin ɗaukar marasa lafiya ke magana da asibiti, kuma a nan ne na sha wuya.

Rumbun bayanai biyu ake dogara da su. Na farko na hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ne, wanda ake kira ULS, kowa na iya shiga kyauta ya ga wanda aka ba lasisi, zangon da aka ba shi, inda hasumiyarsa take, da ranar ƙarewar takardar. Irin wannan lasisi shekara 10 yake yi. Na biyu RadioReference ne, wanda masu sha'awa irinmu ke cikawa da abin da kunnensu ya ji. Na samu zangon wani kamfanin motocin asibiti na gundumarmu a duka biyun, lasisinsa da sauran rai, na ce shi ke nan. Dare uku ina zaune da abin ji a kunne, ko tari ban ji ba. Har na kwance eriya na sake yanke wata, ina zargin hannuna.

Wani dattijo a ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta garinmu ne ya warware mini. Ya ce kamfanin ya daɗe da komawa babban tsarin gunduma na dijital, P25, inda kwamfuta ke raba wa kowa zango lokacin da ya danna oba-oba, ta karɓe idan ya gama. Tsohon lasisin kuwa suna riƙe da shi ne don ko-ta-kwana. Ashe takardar hukuma izini kawai take nunawa, ba ta gaya maka ko ana magana a wurin. Shafin masu sha'awa kuma, idan ba wanda ya sake saurara ya gyara, tsohon labari yake ɗauke da shi. Ya ƙara mini da abu ɗaya: tun 1 ga Janairu 2013 aka tilasta wa masu irin wannan lasisi matse faɗin zangonsu daga 25 kHz zuwa 12.5, don haka in matse nawa a manhaja. Na matse, murya ta ƙara fitowa.

Daren Talata na koma 155.340, tsohon zangon da motoci ke kiran asibiti a wurare da yawa na ƙasar. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata mace ta shigo, jiniya na kuka a bayanta, ita kuwa muryarta a natse. Ta faɗi shekarun majiyyaci, awon jininsa, abin da suka ba shi, ta ce saura minti shida su iso. Ba ta ambaci suna ba. Daga asibiti aka amsa mata da lambar ɗaki. Na cire abin ji na yi shiru, don na tuna daren da muka ɗauki Inna a motar maƙwabci a gida, muka isa ƙofar asibiti ba wanda ya san muna tafe. Wallahi minti shidan nan ba ƙaramin abu ba ne. Ban naɗi muryar ba, ba kuma zan naɗa ba, ciwon wani amana ne ko da doka ta bar ka ka ji.

Maganar doka, don Allah kowa ya duba ta inda yake zaune. A nan dokar 1986 ta halatta sauraron rediyon jami'an agaji muddin ba a kulle maganar ba, wadda aka kulle kuwa haramun ne a fasa ta. A Ingila dokar 2006 ta hana sauraron saƙon da ba naka ba ɗungurungum. 'Yan'uwa na Najeriya, zangon sadarwa na hannun NCC, na gidajen rediyo da talabijin na hannun NBC, ku tambaya kafin ku kafa eriya. Masu oba-oba ta Baofeng kuma, ita tana aikawa, kada yatsa ya taɓa maɓallin magana a zangon agaji, kuna iya toshe kiran da rai ya rataya a kansa.

Na aika wa RadioReference gyara cewa tsohon zangon kamfanin shiru yake. Yanzu na sauke manhajar SDRTrunk don bin tsarin gunduma, amma zangunansa sun bazu fiye da 2.4 MHz ɗin da na'ura ɗaya ke iya gani lokaci guda, sai na ƙara ta biyu. Wanda ya taɓa haɗa biyu a eriya ɗaya, ya gaya mini irin mahaɗin da ya yi amfani da shi kafin in saya.