Cunkoso ya cinye min yini

Laraba, da daddare.

Kai, yau na dawo gida a gajiye liƙis, kuma ba wani aikin ƙarfi na yi ba wallahi. Tun a bas abin ya soma, kujerar tsakiya ta faɗo min, na dama gwiwarsa a cinyata, na hagu yana ta waya a saitin kunnena, ni kuma na rungume jaka a ƙirji ko aljihu ban iya sa hannu ba har muka sauka. A ofis ma haka, tebur na gogar tebur, duk wanda zai wuce sai ya bugi bayan kujerata ya ce yi haƙuri. Lissafin da na saba gamawa kafin ka ce kwabo, yau sai in kai tsakiyar layi lambar ta ɓace min in koma farko, ga zuciya a wuya ba tare da kowa ya min laifi ba.

Abin da ya ƙara tsaya min a rai shi ne binciken nan na Gary Evans da Richard Wener na 2007 kan masu shiga jirgin ƙasa daga New Jersey zuwa Manhattan a Amurka. Sun auna sinadarin kotizol, wanda ke ƙaruwa a jiki in mutum na cikin damuwa, a yawun fasinjoji, suka ba su rubutu su nemo kurakurai, sai ya zama ba yawan mutanen cikin tarago ne matsalar ba, a'a, waɗanda suka matse ka a kujera su ne. Tun a shekarun 1970 ma a Suwidin an ga waɗanda suka hau jirgi daga tashar farko, suka zaɓi wurin zamansu, adiranalin ɗinsu, wato sinadarin da ke tashi a jiki in hankali ya tashi, bai kai na masu hawa a tsakiyar hanya ba, alhali su suka fi daɗewa a ciki.

Ni dai na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, don ai ina shiga taro da son raina in fito garau. Wanda ba ka da ikon matsawa ko fita shi ke cin mutum, ƙwaƙwalwa tana ta gadin jiki, me zai rage mata na tunani? Shi ya sa yake min ciwo in ji ana ce wa yaron da ke karatu a ɗaki cike da mutane wai ba ya mai da hankali.

Da la'asar na samu oga na ce, ranka ya daɗe, ɗan ɗakin taron nan da ke zama a kulle a riƙa bar mana shi in aikin lissafi ya taso. Ya ce in tuna masa gobe da safe, kuma in sha Allahu zan tuna masa.