Laraba: darar ƙasa a idon kyamara

Yau allon dararmu ya samu tauraro huɗu a ma'aunin Vuforia, manhajar da ke auna yadda kyamarar waya za ta iya gane shi. Makon jiya ko ɗaya bai samu ba, don haka ihun da muka yi a ɗakin kwamfuta bai yi yawa ba, ko da yake 'yan wani rukuni sun yi ta hararar mu.

Mu huɗu aka haɗa a aikin wannan zango, aka ce mu ƙirƙiro wasan allo da fasahar AR, wadda ke ɗora zanen kwamfuta a kan abin da kyamarar waya ke gani, irin ta Pokémon Go da ta tashi kan duniya a 2016. Yawancin aji ludo suka nufa. Mu muka ɗauki dara: gurbi 30, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka cire ɗan abokin wasa. Muna ginawa a Unity, manhajar ƙera wasannin kwamfuta, Vuforia kuma ita ke gane allon. ARCore, wata manhajar AR ɗin, muka so da fari, sai dai wayoyin biyu daga cikinmu ba sa cikin jerin waɗanda take karɓa, kuma irin waɗannan wayoyin ne a hannun mutanen da muke so su buga.

Matsalar ita ce kyamara ba ta ganin allo yadda mutum ke gani. Kusurwoyi take nema, da wurin da duhu ya haɗu da haske, ta riƙe su a matsayin shaida. Da'ira ba ta da kusurwa, gurabun dara kuwa duk zagaye ne, kuma kowanne kamar ɗan'uwansa. Dokin da muka ƙera a manhajar zane ta Blender a matsayin ɗan dara sai ya tsaya a gurbi na uku, ka ɗan motsa hannu ya yi tsalle ya koma na tara. Mai zanen cikinmu ce ta warware mana. Ta cika tsakanin gurabun da taswirar garin Kaduna: kogi ya ratsa ta tsakiya, ga gadar Kawo a sama, ga Lugard Hall, ga layin dogo ya nufi Rigasa, babu kusurwar da ta yi kama da wata. Dagin Arewa da na nace a sa, guda ɗaya tak ta yarda da shi, a gefe, don in aka maimaita shi an koma gidan jiya.

Da azahar na kai wa mai buga takardu a Ahmadu Bello Way. Ya so ya yi mana laminatin, wai zai fi daɗewa. Na ce a'a, sheƙi yana makantar da kyamara. Kwali marar sheƙi muka manna shi a kai.

Bayan la'asar na wuce Tudun Wada wurin Kawu, wanda ya fi shekara talatin yana dara a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu. Ya karɓi wayar, ya ga dawaki sun miƙe a kan kwali, ya yi dariya har da tafa hannu. Da aka fara wasa kuwa sai fuskarsa ta canja. Hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan in ya miƙa zai tura ɗa sai ya rufe rabin taswirar, dawakin su ɓace. Can ya kife wayar a kan tabarma, ya ci gaba da tsinke da tsakuwa, ya cinye ni tas.

"Ɗana, abin ya yi kyau," in ji shi. "To amma ni idon abokin wasana nake kallo. Wannan gilashin me zai gaya mini?"

Na ce, "Kawu, zai iya hana mutum jera uku tun ana zuba 'ya'ya, ya kuma nuna wa sabon shiga inda zai matsa."

"To ka kai wa yara. Su ne ba su iya ba."

Ina ganin gaskiyarsa, kuma da daddare na faɗa wa rukuni a WhatsApp: waya ta zama alƙali da malami, a ɗaga ta in an yi gardama ko ana koyo, sauran lokaci a ajiye. Shugabanmu bai yarda ba. Shi a ganinsa maki yana wurin dawakin da ke haniniya, kuma Malam zai tambayi ina AR ɗin. Mun tsaya a kan gobe zan je wurin kafinta ya yi mana ɗan marikin waya da zai leƙo allon daga sama, mu gwada hanyoyin biyu da ƙannena kafin Litinin.