Daga Serdang zuwa Penang da cikin wata bakwai

Cikina yana wata bakwai da 'yan kwanaki ranar da Abban Ummi ya dawo daga makaranta, ya nuna mini tikitin jirgin ƙasa a wayarsa, ya ce in haɗa kayan kwana biyu za mu Penang. Shekararmu ɗaya da rabi ke nan a Serdang, a jihar Selangor ta ƙasar Maleshiya. Shi yana karatun digiri na uku a jami'ar Putra, ni kuwa ina gida da yarinya, domin takardar zaman da aka ba ni ta matar ɗalibi ce, ba ta yarje mini aiki ba. Duk tsawon zaman nan ban taɓa wuce Kwala Lamfur da Putrajaya ba.

Na san abin da ya sa ya sayi tikitin. Mako uku muna juya magana guda a gidan: in koma Zariya in haihu, ko in zauna. Likitar da ke duba ni ta ce in da tafiya to in yi ta yanzu, don yawancin kamfanonin jiragen sama suna neman takardar likita da zarar ciki ya kai mako 28, daga mako 36 kuwa ba sa ɗaukar mace. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye zuwa Kano, sai an yada zango a Doha ko Adis Ababa, ga Ummi mai shekara biyu da wata huɗu a hannu. Kuɗin tikiti kuwa, tun da naira ta faɗi a 2023, ya zama abin da sai an yi shiru kafin a faɗe shi. Mun so Inna ta zo, ciwon gwiwa ya hana. Da ya ga na fara zama a bakin taga ba na cewa komai, sai ya ce mu fita mu sha iska, ko Allah zai buɗe mana.

Asuba a can sai wajen ƙarfe shida take yi. Muna idar da salla muka fito, Ummi tana barci a kafaɗar babanta. A tashar Serdang muka shiga ƙaramin jirgin da ke kai ma'aikata birni. Akwai taragun mata zalla, masu alamar ruwan hoda a ƙofa, nan na shiga da yarinyar, shi ya koma na gaba da keken turata da jaka. Ban gama shiga ba wata budurwa mai kayan ofis ta miƙe ta ba ni kujera, ko kallona ba ta tsaya yi ba balle ta jira godiya. A babbar tashar KL Sentral muka sauya zuwa jirgin lantarki mai dogon zango da suke kira ETS, wanda ke kai mutum Butterworth cikin awa huɗu da wani abu.

Duk mai niyyar hawa jirgin nan da ƙaramin yaro ya riƙe rigar sanyi. A waje zafi ne mai ɗanko, a ciki kuwa kamar tsakiyar hunturu. Na cire mayafina na biyu na naɗe Ummi. Sunan surukata gare ta, shi ya sa ba ma kama sunan. Da ta farka sai ta manne goshinta a gilashi tana ƙirga abin da ba ta san sunansa ba, duk abin da ya wuce sai ta ce "mota".

Muna fita daga birni gonakin kwakwar manja suka fara, layi bayan layi, har iya ganin ido. Abban Ummi ya ce in duba da kyau, 'yar ƙasarmu ce. Asalin bishiyar daga Afirka ta Yamma take. A gida an sha gaya mana cewa bayan samun 'yancin kai ne mutanen Maleshiya suka zo Najeriya suka ɗebi iri, amma ta riga haka zuwa: tun a shekarun 1870 Turawa suka shigo da ita don ado, gonar kasuwanci ta farko kuma a 1917 aka kafa ta, a nan Selangor. Na daɗe ina kallonta. Ta zo baƙunta, ta samu ruwa da kulawa, ta yi 'ya'ya fiye da yadda take yi a gida.

A Ipoh, inda fararen duwatsu suke tsaye cirko-cirko kamar an dasa su, wata dattijuwa ta shigo ta zauna a kujerar da ke gefenmu, hanya ce kawai tsakani. Za ta kai shekara saba'in, da doguwar riga mai furanni da jakar leda cike da 'yan robobin abinci. Ummi ce ta fara zuwa wurinta. Kafin in kamo ta har ta kama hannun matar ta kai goshi, yadda ta ga 'ya'yan maƙwabtanmu suna gaida manya. Dattijuwar ta yi dariya, ta ɗora ta a cinya, ta ce da ita ta kira ta Opah, wato kaka a bakin mutanen jihar Perak. Ni kuma na kira ta Makcik, yadda ake kiran duk macen da ta kai sa'ar uwa.

Ta dubi cikina ta ce, "Berapa bulan?" Wata nawa?

Na ce, "Tujuh." Bakwai.

Ta ce, "Mak datang?" Mahaifiyarki za ta zo?

Na girgiza kai. Sai ta sake tambaya, da 'yar Malayancin da nake tsinta da ɗan Turancin da take da shi, wa zai kula da ni in na sauka. A nan hawaye suka zo mini, ban shirya musu ba. Wata bakwai ana tambayata awo, da hawan jini, da kuɗin asibiti, da fasfo ɗin jariri, da rajistar haihuwa, don ɗan da baƙi suka haifa a Maleshiya ba ya zama ɗan ƙasa, sai an bi ofisoshi an yi masa takardu. Duk tambayoyi ne masu muhimmanci. Amma ba wanda ya yi mini tambayar da ke hana ni barci sai wannan baiwar Allah da ban taɓa gani ba.

Haihuwar Ummi a gida na yi ta. Tun ciki na wata takwas aka mai da ni ɗakin Inna goyon ciki. Kwana arba'in ban ɗora tukunya ba, ban wanke ko tsumma ba. Da asuba ƙanwar babana take hura wuta a tsakar gida, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta zaunar da ni a kan turmi tana fyaɗa mini ganyen a baya har sai jikina ya saki. In na fito ga kunun kanwa, ga tuwo da miyar kuka ta sha yaji, ga kauri ranar kwana huɗu. Mata suna shigowa barka tun safe, jaririya tana yawo daga hannu zuwa hannu, ni nawa shayarwa da barci. Na san likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suke gargaɗi cewa yawan kanwa da tsananin zafin wankan suna jawo wa masu jego ciwon zuciya, kuma na yarda da su, ko a wancan karon Inna ta rage mini kanwar. Abin da nake kewa shi ne hannayen da suka kewaye ni. A Serdang hawa na tara muke, ɗaki biyu, da miji mai rubutun kundi, da yarinyar da ba ta san a ce mata jira ba.

Makcik ta bari na gama share ido, sannan ta fara ba ni labarin nasu. Su ma suna da shi, sunansa pantang, kwana 44 ne. Mai jego ba ta fita, ba ta shan ruwan sanyi, ƙafarta kullum cikin safa. Ana yi mata wanka da ruwan ɗumi da ganyaye. Ana gasa dutse ko ƙarfe a naɗe shi a ƙyalle a riƙa dannawa a ciki, shi ne tungku. Ana ɗaure cikin da dogon zane tun daga ƙugu har ƙirji, shi ne bengkung. Akwai mai tausa da ke zuwa gida kwana uku a jere. Abincin kuwa shinkafa da gasasshen kifi da citta da masoro. Tana faɗa tana kwatantawa da hannu a kan cikinta, ni kuma ina cewa mu ma haka, mu ma haka, har Abban Ummi ya ajiye littafin da yake dubawa ya juyo yana saurare.

Muna cikin haka jirgi ya shige ramin da aka huda ta cikin dutse kafin Taiping, mai tsawon fiye da kilomita uku. Taga ta yi baƙi ƙirin. Ummi ta ƙwalla ƙara, amma maimakon ta nufo ni sai ta cusa kai a ƙirjin tsohuwar, ita kuma ta dafa mata baya tana yi mata salati a hankali har haske ya dawo. Can gaba layin dogo ya bi ta kan tafkin Bukit Merah, ruwa dama da hagu, sai ka ce a kansa muke gudu.

Kafin ta sauka a Parit Buntar ta karɓi biro ta rubuta mini sunayen ganyen wanka a bayan wata takarda: serai, pandan, limau purut, semambu. Ta ce in je ƙaramin masallacin unguwarmu in tambayi matan da ke karatu bayan magariba, ba za a rasa mai tausar masu jego a cikinsu ko a danginsu ba. Ta ce kada in ji kunyar roƙo. Ta bar wa Ummi robar ƙosan ayaba.

Daga Butterworth jirgin ruwa muka hau, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba. Daga nesa ana hango gadar Penang da aka buɗe a 1985, mai tsawon kilomita 13 da rabi. George Town tsohon gari ne, Turawan Ingila suka kafa shi a 1786, kuma tun 2008 yana cikin wuraren tarihin da UNESCO ke karewa. Kyau kam akwai shi, sai dai bai dace da keken yaro ba: barandun shagunan nan hawa da sauka ne, ga babura an jera a kai. Daga ƙarshe naɗe keken muka yi, babanta ya saɓa ta a wuya, ni ina biye ina hutawa duk inda na ga benci. Mun ci nasi kandar, shinkafar da ake malala wa miya kala-kala har ta nutse. Mun yi azahar a masallacin Kapitan Keling, wanda Musulmin Indiya 'yan kasuwa suka gina a farkon ƙarni na 19. Mun kuma leƙa masallacin Lebuh Acheh na 1808, unguwar da a da maniyyata daga sassan yankin suke taruwa su jira jirgin ruwan Jidda. Na zauna a inuwarsa na tuna matan ƙasarmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, da yawansu a hanya suka haihu, a hannun matan da ba su san yarensu ba.

Washegari da hantsi muka bi ta unguwar Indiyawa neman abin karyawa. Kusa da wurin bautarsu na Sri Mahamariamman akwai masu sayar da furanni, a gefen wani teburi kuma ga wani ganye ɗaure-ɗaure a cikin bokiti. Na wuce shi, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Na dawo na tsinki ɗaya na murza, na kai hanci. Ɗacin nan ne, ba shi da na biyu. Na tambayi mai shagon sunansa da Malayanci, ya ce semambu. Na zaro takardar Makcik, ga shi nan a layi na huɗu. Ashe darbejiya ta rubuta mini. Daga ƙasar kakannin mutumin nan aka kai bishiyar ƙasarmu a zamanin Turawa, har muka ɗauka tamu ce tun fil azal.

Na sayi ɗauri biyu, ko da yake na san za su bushe tun kafin lokaci ya yi. Maleshiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka sai da muka koma masauki bayan azahar na kira Inna ta bidiyo. Tana zaune a kan dardumarta da rigar sanyi, hazo ya rufe tsakar gidan a bayanta. Ban ce komai ba, na ɗaga ganyen a gaban waya. Ta matso da fuskarta, ta ƙura ido.

Ta ce, "Ke, wannan ba darbejiya ba ce? A ina kika samo ta?"

Na ba ta labarin jirgi, da tsohuwar, da kwana arba'in da huɗunsu. Ta yi shiru tana jan carbi. Sannan na ce, "Inna, ina ganin zan zauna in haihu a nan, in kin amince."

Ta ce, "Allah ya raba lafiya. Ba ni mijin naki." Na miƙa masa, ya gyara zama ya gaishe ta. Ina jin ta tana ce masa ya nemi babbar tukunya tun yanzu, wadda za ta ci bokiti biyu, kuma ranar da aka sallamo ni ya kira ta kafin ya ɗora ruwan, ko ƙarfe nawa ne a Zariya, za ta gaya masa yadda ake sirkawa.