Tafiya Zuwa Mountain View Domin Ganin Cray-1

Jirgin ƙasa na Caltrain ne ya ɗauke ni daga San Faransisko zuwa Mountain View a jihar Kalifoniya, inda gidan tarihin kwamfuta yake. Abin da ya kai ni tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: me ya sa manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1972, take yin nawa wani lokaci, alhali mai rubutun yana riƙe da ragamar ƙwaƙwalwar na'ura da hannunsa?

Ban ɓata lokaci a sauran ɗakuna ba, na nufi wurin Cray-1, kwamfutar da Seymour Cray ya fitar a 1976. An gina ta a lanƙwashe kamar zoben da aka buɗe gefensa, kuma wanda ya leƙa cikinta zai ga wayoyi cunkushe, babu masakar tsinke. Ba don ado aka lanƙwasa ta ba, an yi hakan ne domin wayoyin su gajarta, tunda a cikin nanodaƙiƙa guda, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, ko haske ba ya wuce kusan santimita 30.

A tsayuwar nan na fahimci cewa har yau nisa ne yake cinye lokaci. Furosesa, wato sashen kwamfuta da ke yin lissafi, yana ɗauko bayani daga ƙaramar ma'ajiyar da ke jikinsa cikin kusan nanodaƙiƙa 1, amma idan sai ya je babbar ƙwaƙwalwa, jiran yakan kusanci nanodaƙiƙa 100. Idan ya je kuwa, yakan kwaso bayit 64 a lokaci guda, wato bayanin da ya je nema tare da na kusa da shi. A harshen C, manuni (pointer) adireshi ne kawai na wurin da bayani yake zaune, saboda haka jerin da kowane abu a cikinsa ya samu gurbinsa daban ta hanyar malloc (umarnin neman gurbi a ƙwaƙwalwa), kowanne yana nuna na gaba, yana tilasta wa furosesa jira a kowane mataki, domin ba zai san inda zai dosa ba sai ya karanta adireshin da ke hannunsa. A ganina, a nan masu rubuta manhaja da yawa suke asarar gudun da suka zo nema.

A jirgin komawa na buɗe kwamfutata, na nemi babban fili guda na ƙwaƙwalwa, na jera bayanan kafaɗa da kafaɗa, manuni yana tafiya a kansu ɗaya bayan ɗaya, sannan a saki filin gaba ɗaya idan aiki ya ƙare. Na yi hattara sosai da manunin da zai ci gaba da nuna filin bayan an sake shi, domin a 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na raunin tsaron da yake gyarawa daga kurakuran ƙwaƙwalwa suke. Na sa iyaka a kan kowane karatu, na auna tsohon tsari da sabon a kan bayanai iri ɗaya, kuma sabon ya riga shi gamawa da tazara mai yawa.